Yara da matasa masu ɗauke da HIV: me bincike ya gano?

Jaririn da aka haifa da cutar, yaushe zai fara shan magani?

Da zarar an tabbatar yana da ita. A da likitoci kan jira sai yaro ya fara laulayi. Binciken CHER da aka yi a Soweto da Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2008, shi ya kawar da wannan jira: jariran da aka fara ba magani tun suna 'yan makonni, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 76 cikin 100. In kuwa ba magani, kusan rabin irin waɗannan yara ba sa kai shekara biyu.

Ta yaya ake ganewa?

Gwajin manya ba ya aiki ga jariri, domin garkuwar da jiki ke yi wa cutar yake nema, ita kuwa garkuwar uwa na nan a jinin jariri har wajen wata 18. Sai a ɗan soki dunduniyarsa yana da mako shida, a ɗiga jinin a kan kati, a aika ɗakin gwaji. A nan gizo ke saƙa: kafin sakamako ya dawo, wata uwar ta koma ƙauye, ba lambar waya.

Yaro zai yarda ya sha?

Tsohon maganin ruwan ɗaci ne da shi kamar maɗaci, kuma sai an ajiye shi a firji, a garin da wuta ba ta zama. Yanzu akwai ƙwayar dolutegravir ta yara, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, a narka ta a ɗan ruwa, sau ɗaya a rana. Binciken ODYSSEY na 2021 ya nuna ta fi magungunan baya danne cutar.

Me ya sa matasa ke yawan barin magani?

Kunya da tsoron tsangwama. Yarinyar da ke makarantar kwana, a ina za ta ɓoye robar magani mai ƙarar ƙwayoyi? A Zimbabwe, shirin Zvandiri ya horar da matasa masu cutar su riƙa leƙa tsaransu masu cutar suna tuna musu shan magani. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna an fi samun nasarar danne cutar a asibitocin da ke cikin shirin. Ni a ganina, maganar tsara ta fi faɗan malamin asibiti shiga kunne.

Yaushe za a gaya wa yaro yana da cutar?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da kaɗan-kaɗan, ya san komai kafin ya wuce shekara 12. Wanda aka yi ta ce wa "maganin ƙarin jini ne", ranar da ya ji ƙarfi a jikinsa zai ajiye shi.