Saukar kumburin ciki ba shi ne warkewar hanta ba

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar cikin mai taurin hanta ya sauka, cutar ta tafi, sai a ajiye magani. Kuskure ne mai haɗari. Magungunan fitsari irin su spironolactone da furosemide ruwan da ya taru a ciki kawai suke kwashewa, tabon hanta yana nan.

Sauƙi na gaskiya a gwajin jini ake ganinsa: albumin (furotin da hanta ke samarwa) ya hau, bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya) ya sauka, jini ya riƙa daskarewa da wuri. Shawara ta bar ido, ruɗewa da yawan barcin rana su ragu, naman jiki ya dawo.

Ko an ga haka, mai hepatitis B (ƙwayar cutar da ke kama hanta) kada ya daina tenofovir, maganin da ke danne ta. Dainawa na iya tayar da ƙwayar cutar har hanta ta gaza. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, har da na dunƙulen ɗanɗano. A guji giya, ibuprofen, diclofenac da jiƙe-jiƙen "wankin hanta". A yi hoton ciki duk wata 6 saboda sankara.

Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, asibiti nan take.