Mene ne saɓanin hanya a kwamfutar jirgin sama?

Hanyar da jirgin fasinja zai bi guda ɗaya ce, amma a wuri uku take rubuce. Akwai wadda kamfani ya tsara ya miƙa tun kafin tashi, akwai wadda masu kula da zirga-zirgar jirage suka ba da izinin bi, sannan akwai wadda aka shigar cikin kwamfutar tuƙi da matuƙa ke kira FMS. Da zarar ɗaya ta bambanta da sauran, an samu saɓanin hanya. Jirgi kuwa ta ukun yake bi, domin ita ce ke juya akalarsa, kuma ba ta san ko abin da aka ba ta daidai ne ba.

An fi ganin wannan a saman Tekun Atlantika ta arewa, inda na'urar radar ta ƙasa ba ta kaiwa tsakiya. A can da lambobin digiri ake bayyana hanya. Sai masu kula su sauya wa jirgi layi, a ce daga digiri 52 zuwa 53 na arewa, matuƙi ya amsa, ya rubuta a takarda, amma kwamfuta na nan da tsohuwar lamba. Digiri ɗaya ɗin nan mil 60 ne na ruwa, kusan kilomita 111, kuma mai yiwuwa wani jirgin ne aka bai wa tsohon layin. Kaucewar da ta kai mil 10 a wannan yanki sunanta GNE, wato babban kuskuren hanya, kuma bincike ake yi a kanta.

Wani lokaci daga ofis ɓarnar ke fitowa. A ranar 28 ga Nuwamban 1979 jirgin Air New Zealand mai lamba 901 ya tashi yawon buɗe ido zuwa Antatika. A daren tafiyar an sauya lambobin hanyar ba a gaya wa matuƙa ba. Su a saninsu saman mashigin ruwan McMurdo za su bi, alhali kwamfuta ta saita su kan Dutsen Erebus. Mutum 257 da ke ciki babu wanda ya tsira. Binciken farko matuƙan ya ɗora wa laifi, sai a 1981 Alƙali Peter Mahon ya mai da shi kan kamfanin, kuma a ganina nasa hukuncin ya fi kama hankali.

Wani hatsarin kuma, a Kolombiya, harafi ɗaya ne ya jawo shi. A Disamban 1995 matuƙan American Airlines 965 na shirin sauka birnin Kali cikin dare da gaggawa. Suka danna R suna nufin Rozo, tashar rediyo mai nuna wa jirage hanya da ke gabansu, kwamfuta ta ɗauko Romeo da ke kusa da Bogota, jirgi ya karkata hagu ya shiga tsaunuka. Mutum 159 suka mutu, huɗu suka rayu.

Shi ya sa a yau matuƙi ɗaya ke shigar da hanya, ɗayan ya duba shi kaɗai, yana gwada allon kwamfuta da izinin da aka ba su na ƙarshe, ba da takardar kamfani ba. Jirage da yawa kuma suna aika wa masu kula bayanin inda suke da zango na gaba ta tauraron ɗan Adam, don haka akan gano saɓanin tun jirgi bai kauce ba.