Tambayoyi kan DBT, maganin zuciya mai saurin tafasa

Wace larura ce ake yi wa wannan magani?

Likitoci na kiranta BPD (Borderline Personality Disorder a Turance), wata larurar ƙwaƙwalwa ce da ke shafar hali. Mai ita ransa na saurin ɓaci, kuma yakan jima bai huce ba. Yana tsoron a guje shi ƙwarai. Wanda ya yaba da safe, kafin magariba ya zama abokin gaba. Wasu na yanka jikinsu, wasu na yunƙurin kashe kansu. Alamomi 9 ne a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, sai an ga 5 sun daɗe tare da mutum kafin a ce ita ce. A gidajenmu na Damagaram akan ce iskoki ne ko rashin tarbiyya, shi ya sa ake makara.

Mene ne DBT?

DBT (Dialectical Behaviour Therapy a Turance) magani ne na zaman tattaunawa da koyon dabaru, ba ƙwaya ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton a Amurka ce ta tsara shi. Sakamakon gwajin farko ya fito a 1991, littafin koyarwa a 1993. A takardun Faransanci TCD ake rubutawa. Abu biyu yake riƙewa tare: a gaskata ciwon mutum, kuma a tsaya masa ya canza hali. Kowane mako akwai zaman awa 1 da mai ba da magani, da aji na wajen awa 2 da rabi, ga kiran waya idan abu ya taso, su ma masu maganin suna da nasu taron. Darussa 4 ne: natsuwa, jure tashin hankali, sarrafa rai, da zama da mutane. Suna cin mako 24, akan maimaita su cika shekara.

Abin da aka tsara a Amurka zai zauna a nan?

Zai zauna, amma sai an yi masa gyara. Darasin zama da mutane yana koyar da faɗin buƙata kai tsaye. Yarinyar da ta yi wa mahaifinta ko uwar mijinta haka, za a ce ba ta da kunya, rigimar ta ƙaru. Sai a bar manufar, a canza hanya: ta zaɓi lokaci, ta fara da gaisuwa, ko ta bi ta wajen gwaggo. Aji kuwa a raba maza da mata, a ƙulla alkawarin riƙe sirri tun ranar farko, domin tsoron tsegumi na hana mutane dawowa. Akwai kuma katin da mai larurar ke cikawa kullum, inda yake auna ƙarfin ɓacin rai daga 0 zuwa 5; wanda bai yi boko ba zai iya yinsa da ajami ko saƙon murya.

Babban wurin tuntuɓe shi ne "yi haƙuri". Idan shi kaɗai ake faɗa wa mai kuka, ji yake ba a yarda da ciwonsa ba, sai ya ƙara ƙarfin kukan ko ya ji wa kansa rauni don a gani. A fara da "Lalle wannan ya yi miki ciwo, ƴata", shawara ta biyo baya. Addu'a da salla ba sa karo da maganin, sukan ma taimaka wajen natsuwa.

Idan rai ya tafasa nan take fa?

A jefa ƙanƙara cikin kwanon ruwa, a riƙe numfashi, a tsoma fuska kamar daƙiƙa 30. Bugun zuciya zai sauka. Ruwan randa lokacin bazara bai cika isa sanyin da ake so ba. Mai ciwon zuciya kada ya yi sai da izinin likita. Daga nan a ja numfashi a ƙirga 4, a sake shi a hankali a ƙirga 6.

Idan mai larurar ya ambaci mutuwa?

A tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin. A kawar da maganin ƙwari, ƙwayoyi da reza daga ɗaki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.