Shin Gini Ta Haramta Fitar da Ɗanyen Boksait? Abin da Dokar Ma'adinan Ƙasar Ta Ƙunsa

Tun daga watan Agustan 2025, lokacin da gwamnatin Janar Mamadi Dumbuya ta soke izinin haƙar ma'adinai na kamfanin Guinea Alumina Corporation, ake ta yaɗa maganganu iri biyu game da Gini. Wasu na cewa ƙasar ta haramta fitar da ɗanyen boksait gaba ɗaya, wasu kuma na cewa ta fara ƙwace kamfanonin Turawa da na Larabawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Nijar ta mayar da kamfanin yuraniyom na Somaïr hannun gwamnati a watan Yunin shekarar. Duka biyun ba su dace da abin da ke rubuce ba, kuma ya kamata a rarrabe aya da tsakuwa.

Boksait jar ƙasa ce mai tauri wadda ake kankarowa daga saman tudu ba tare da an yi rami mai zurfi ba. Idan aka dafa ta da soda mai ƙarfi a matata, sai ta ba da wani farin gari da ake kira alumina, shi kuma a narkar da shi da wutar lantarki ya zama sanholon da ake ƙera tukwane da kwanon rufi da jikin jirgin sama. Ana buƙatar kimanin tan huɗu zuwa biyar na boksait kafin a sami tan biyu na alumina, wanda zai ba da tan ɗaya na sanholo. Gini ce ke da tarin boksait mafi yawa a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma matatar alumina guda ɗaya tak ta daɗe tana da ita, wato ta garin Fria da aka buɗe a 1960, wadda kamfanin Rusal na Rasha ke riƙe da ita, kuma ta zauna a rufe daga 2012 zuwa 2018.

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Ma'adinai ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, tun zamanin tsohon shugaban ƙasar Alfa Konde. Ta shafi duk mai neman ma'adinai da mai haƙa da mai sarrafawa, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Babu wani sashe a cikinta da ya hana fitar da ɗanyen boksait. Ƙasar da ta yi irin wannan haramci ita ce Indunusiya, daga watan Yunin 2023, kuma da alama daga can aka aro labarin aka jingina wa Gini. A 2024 Gini ta fitar da sama da tan miliyan 140, akasarinsa zuwa ƙasar Sin, adadin da ya zarce na shekarar da ta gabace ta.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na 150, wanda ya ba gwamnati kashi 15 cikin ɗari na hannun jarin duk kamfanin da aka ba izinin haƙar boksait, kyauta, ba tare da ta biya ko sisi ba, kuma ba a iya rage wannan kaso ko da an ƙara jari daga baya. Bayan haka tana da damar sayen ƙari da kuɗinta har jimilla ta kai kashi 35. Masu jin lambar 35 sukan ɗauka kashi 35 ake karɓewa da ƙarfi, alhali kashi 20 ɗin da ke sama ciniki ne, sai an biya. Abin da ba a cika ambata ba kuwa shi ne kason kyautar yana raguwa gwargwadon yadda kamfani ya sarrafa ma'adinin a cikin gida: idan aikin ya haɗa haƙa da matatar alumina, kason gwamnati na kyauta kashi 5 ne kacal, idan kuma na narkar da sanholo ne, kashi 2.5. Wato dokar lallashi take yi, tana cewa wanda ya gina matata za a sassauta masa. Haka nan sashen bai hau kai tsaye kan yarjejeniyoyin da aka ƙulla kafin 2011 ba, shi ya sa kamfanin CBG (Compagnie des Bauxites de Guinée) mai haƙa a Sangaredi, wanda ya fara lodi daga tashar Kamsar a 1973, yake nan kan tsohon rabonsa na kashi 49 ga gwamnati, 51 ga gamayyar Halco da ta haɗa da Alcoa da Rio Tinto.

To daga ina wajabcin gina matata ya fito? Daga yarjejeniyar da kowane kamfani ya sanya wa hannu da gwamnati. A watan Afrilun 2022 Dumbuya ya tara manyan kamfanonin a Konakiri ya ba su wa'adin ƙarshen watan Mayu su kawo jadawalin gina matatun da suka yi alkawari, yana mai gargaɗin cewa za a hukunta wanda ya saɓa. Bai kafa sabuwar doka ba a ranar, tsohon bashi ya tuna musu.

Hukuncin kuwa shi ne soke izini. Dokar ta jero dalilan da za su iya jawo hakan, kamar barin fili ba a aiki, da ƙin biyan haraji, da saɓa sharuɗɗan izinin, kuma ta tanadi a fara aika gargaɗi a rubuce tare da wa'adin gyara. Da yake ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne tun asali, filin da aka soke izininsa yana komawa hannunta. Wannan hanya aka ce an bi da Guinea Alumina Corporation, reshen kamfanin Emirates Global Aluminium na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: yarjejeniyarsa ta asali ta 2004 a kan matata aka gina ta, ya fara fitar da ɗanyen boksait a 2019 ba tare da matatar ba, kwastan suka dakatar da lodinsa a watan Oktoban 2024, daga bisani aka miƙa filin ga sabon kamfanin gwamnati mai suna Nimba Mining Company. Kamfanin na Larabawa ya ce an take haƙƙinsa kuma matakin ya saɓa wa doka. Soke izinin wanda ake zargi da saɓa alkawari daban yake da mayar da masana'anta gaba ɗaya hannun gwamnati, domin CBG da Rusal da gamayyar kamfanonin boksait ta SMB-Winning ba su daina lodi ba.

Duk wanda ya san yankin Boke, inda aka fi haƙar boksait a Gini, zai yi wuya ya ga laifin manufar. Manyan motoci na wucewa dare da rana, jar ƙura tana kwantawa a kan ganyen kashu da rufin gidaje, ana loda ƙasar a kwalekwalen dako a kogin Nunez zuwa jiragen da ke jira a teku, alhali a 2017 sai da mutanen garin suka yi bore kan rashin wuta da ruwan sha. Sashe na 130 ya ware wa al'ummomin yankin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin kamfanin boksait, abin da a ganina bai taka kara ya karya ba. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Matatar alumina tana shan wuta da tururi da soda mai yawa, tana kuma barin jan laka mai guba da sai an tanadar mata madatsa, ga shi ƙasar ba ta gama wadata gidajen jama'a da lantarki ba. Sannan soke izinin an yi shi ne ta hanyar dokar shugaban ƙasa da aka karanta a talabijin, a lokacin mulkin soja da babu zaɓaɓɓiyar majalisa da za ta tambayi dalilin da ya sa aka fara da wannan kamfani aka bar wasu da su ma ba su gina ba. Kamfanin SPIC na ƙasar Sin dai ya fara aikin tasa matatar a Boffa a watan Maris na 2025, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da tan miliyan 1.2 na alumina a shekara.