Waiwaye: Yaran da gida ya ƙi, titi ya karɓa

Gajerun finafinan da ake yi a Amurka da Ingila kan matasa biyu masu jinsi ɗaya da suka baro gida suka shaƙu da juna a titi, kusan hotonsu ɗaya ne: jakar goyo, tashar mota da tsakar dare, kwali a shimfiɗe ƙarƙashin gada, bargo guda su biyu. Mai kallo zai iya ɗauka marubuci ne ya ƙaga don ya sa jama'a hawaye, alhali labarin ya girmi finafinan nesa ba kusa ba.

A ƙarshen Yunin 1969, lokacin da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall, matattarar masu sha'awar jinsinsu a birnin New York, har tarzoma ta ɓarke, cikin waɗanda suka tsaya aka yi da su akwai matasa marasa makwanci da ke kwana a ɗan dandalin da ke kallon mashayar. A shekarar da ta biyo baya, 1970, wasu 'yan gwagwarmaya biyu, Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson, suka kafa ƙungiyar STAR, suka kama haya a unguwar East Village domin irin waɗannan yara. Ita kanta Sylvia ba ta wuce shekara 11 ba sa'ad da ta fara kwanan titi. Gidan ya lalace, kuɗin haya ma da kyar, bai kuma daɗe ba aka kore su. Amma shi ne ya nuna cewa abin da yaran suka fi buƙata katifa ce da ƙofar da za a rufe.

Gwamnatin Amurka ta shigo a 1974 da dokar yaran da suka gudu daga gida, wadda ta ware kuɗi ga matsugunan wucin gadi. A nan ne nake da ja da kalmar "gudu". Idan aka ce yaro ya gudu, an ɗora masa laifin ke nan, kamar taurin kai ne ya fitar da shi. Da yawa cikinsu korar su aka yi: uba ya ga wasiƙa, ko wani ya kai tsegumi, aka watso kaya waje. Binciken da cibiyar Williams ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ta fitar a 2012 ya ji ta bakin ma'aikatan matsugunai, suka ce kusan kashi 40 cikin ɗari na matasan da ke zuwa wurinsu masu sha'awar jinsinsu ne ko waɗanda suka sauya jinsi. Manyan dalilai biyu da suka lissafa su ne ƙyamar iyali da korar iyaye kai tsaye. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan soyayyar jinsi, ɗan shekara 15 da ke neman abin da zai ci a titi yaro ne, kuma masu farautar irinsa ba sa barci.

Manyan matsugunan yau ma sunayen mamata suke ɗauke da su. A Manchesta ta Ingila, Albert Kennedy yana da shekara 16 ya faɗo daga saman benen ajiye motoci ya mutu a 1989, kuma a shekarar wata mai riƙon yara, Cath Hall, ta kafa gidauniya da sunansa. A New York kuwa an harbe Ali Forney a unguwar Harlem a 1997 yana ɗan shekara 22. Carl Siciliano, wanda ya san shi tun yana yawon titi, ya buɗe cibiya da sunansa a 2002 da gadaje shida kacal a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata majami'a.

Masana'antar fim ta makara sosai. Tun daga 1934 ƙa'idar tace finafinai ta Hollywood ta hana nuna irin wannan soyayya, an ɗan sassauta a 1961, sai a 1968 aka yi watsi da ita gaba ɗaya. Ko bayan haka manyan kamfanoni sun yi ta ɗari-ɗari, shi ya sa labarin ya samu mafaka a gajeren fim, inda ɗalibi da kyamara ɗaya da 'yan wasa biyu za su iya kammala aiki ba tare da jiran mai zuba jari ba.

Wanda ya fi barin tarihi shi ne Trevor na 1994, labarin wani ɗan shekara 13 da abokai suka juya wa baya saboda yana sha'awar jinsinsa, har ya nemi hallaka kansa. Yaron cikin fim ɗin bai bar gida ba, amma raɗaɗin ɗaya ne. Fim ɗin ya ci kyautar Oska a 1995. Da tashar HBO za ta nuna shi a 1998, masu fim ɗin suka nemi lambar wayar da za su sa a allo saboda yaran da za su kalla suna cikin irin wannan hali, ba su samu ba, sai suka buɗe tasu. Daga nan ƙungiyar Trevor Project ta samo asali. A Yulin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe sashen da aka keɓe wa waɗannan matasa a layin agaji na ƙasa, 988, sashen da ƙungiyar ta kasance cikin masu amsa kiransa. Nata layin yana nan a buɗe, dare da rana.