Daga hajjin ƙasa zuwa igama: yadda takarda ta shiga tsakaninmu da ci-rani

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa, gidaje da yawa na da labarin wani kaka da "ya yi gabas". Mutum ya ɗaure ƙunshinsa, ya ƙetare kogi a Kusiri zuwa Fort-Lamy, wadda aka mayar wa suna Njamena a 1973, ya miƙi hanyar Abeshe, ya faɗa Darfur. Inda guzuri ya ƙare, nan zai yada zango ya yi ƙodago. Da aka kammala madatsar ruwan Sennar ta Sudan a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai tsinkar auduga ta zama abin da ke kai alhazan ƙasa bakin Bahar Maliya. Wani ya shekara biyar a hanya, wani bakwai, wani kuma ya yi aure ya zauna, jikokinsa na Sudan har gobe. Turawan mulki sun yi ta fama da takardar wucewa da ta allurar rigakafi, amma mai gona bai taɓa tambayar lebura izinin aiki ba. Ƙarfinka shi ne takardarka.

Da wannan fahimtar muka taso, cewa duk wanda ƙafarsa ta kai shi gari, to neman abinci a garin halal ɗinsa ne. Ita kuwa duniya tuni ta sauya. Tun 1920 aka yi taro a Paris aka daidaita fasalin fasfo, sannan Kamaru da Chadi suka sami 'yanci a 1960, kowace ƙasa ta fara ƙirga nata da baƙinta.

Abin mamaki, ba daga Turai aka fara ɗanɗana mana ba, daga maƙwabta ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Sama da mutum miliyan ɗaya suka fita. Sunan Ghana ne ya yi tambari, har jakar da suka zuba kaya ta gaji sunan, amma akwai 'yan Chadi da 'yan Kamaru a cikin ayarin. Ƙasashen biyu ba sa cikin ECOWAS, don haka yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ba ta rufa musu asiri ba. Bahaushen Garwa da ke jin Yola gida ce, ranar ya gane a takarda shi baƙo ne.

Tamu ƙungiyar ta tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, CEMAC, an rattaba mata hannu a Njamena a 1994. Batun shiga ƙasashen juna babu biza an amince da shi a 2013, amma Gabon da Equatorial Guinea suka yi ta jan ƙafa, sai a ƙarshen 2017 kowa ya yarda. Nan ma mutane na yin kuskure. Abin da aka ba ka kwana 90 ne na ziyara. Zama da aiki a Libreville ko Malabo wata takarda ce daban. Kada ma mu ga laifinsu da yawa: dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ita ma ta ce baƙo ba zai kama aiki ba sai minista ya sa hannu a kwantiraginsa.

Inda maganar ta fi taɓa mu shi ne Saudiyya. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, ƙasashen Larabawa suka buƙaci ma'aikata, suka kuma ɗaure kowane baƙo a wuyan wani ɗan ƙasa ko kamfani. Shi ne kafala. Kafili ne ke neman bizar aiki da sunanka tun kana gida, a yi maka gwajin asibiti, ka sauka, shi ne kuma zai ciro maka igama, wato takardar izinin zama. Idan kun saɓa ka bar gidansa, ya kai ƙararka cewa ka gudu, abin da suke kira hurub, kana iya komawa mara takarda ko da igama na aljihunka. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu, amma tambayi duk wadda ta yi aikatau can ta gaya maka a hannun wa nata ya kwana.

Mutanenmu kuwa sai suka ci gaba da bin tsohuwar hanya da sabon jirgi: a shiga da bizar umara, a maƙale, a zama takari. Mata na tallar abinci da aikatau, maza na wanki da dako, kowa kunnensa na kan motar 'yan jawazat, wato jami'an shige da fice. A Nuwamban 2013, bayan wa'adin afuwa ya cika, aka shiga kame gadan-gadan, gidajen tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, suka cika. An sake wani zagayen a 2017. Sai kuma wata dabarar da dillalai ke kira firi biza: ka sayi biza a hannun kafilin da ba shi da aikin ba ka, kana biyansa kuɗi kana neman na kanka. A dokar Saudiyya babu biza mai wannan suna. In aka kama ka kana aiki a wajen wanda ba kafilinka ba, kai ne a ruwa.

An ɗan sassauta. Katar ta soke neman yardar ubangida kafin sauya aiki a 2020, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi riyal 1,000. Saudiyya ta bi a Maris 2021, ma'aikacin kamfani na iya sauya wuri bayan shekara guda. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su ne kuwa ayyukan da akasarin namu ke samu.

Turai ba sai an daɗe a kanta ba. Faransa ta dakatar da ɗaukar leburori daga waje a 1974, ta ƙaƙaba biza a 1986. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, mai kwana 90 ba ta aiki ba ce, izinin aiki kuma mai ɗaukarka ne ke nemansa, ba kai ba. Kanada ce yanzu ke jan masu Faransanci da takardar makaranta, 'yan Kamaru na sahun gaba. Amurka kuwa ta rufe wa 'yan Chadi ƙofa a Yunin 2025, Njamena ta rama da dakatar da ba Amurkawa biza.

Kwanan baya a teburin mai shayi wani yaron unguwarmu, ɗan acaba, ya miƙo mini waya. Ya riga ya yi fasfo, sefa 110,000, ya sayar da babur ya cika wa wani dillali kuɗi.

"Kawu, duba mini, biza ta fito. Ya ce ina sauka za a juya ta ta koma ta aiki."

"Sunan kamfanin da zai ɗauke ka fa? Albashi nawa aka rubuta?"

"Ya ce sai na je."

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Biza ce ta gaske, ba jabu ba, da lambarta da hotonsa. Amma ta ziyara ce, kuma a jikinta an rubuta da Larabci da Turanci cewa ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Yaron ya yi allo, don haka na nuna masa layin Larabcin na ce ya karanta da bakinsa. Ya karanta sau biyu, ya karɓi wayarsa, ya kira dillalin. Aka ce layin a kashe yake.