Waiwaye: Taƙaddamar harshen da za a rubuta zuciyar kwamfuta da shi, C ko Rust

A shekarar 1973 ne Dennis Ritchie da Ken Thompson suka sake rubuta babbar manhajar Unix da harshen rubuta manhaja mai suna C a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, kuma tun daga lokacin C ya zama ɗan gida wajen gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato zuciyar kwamfuta. An so shi saboda sauri, kuma saboda yana ba mai rubutu damar taɓa kowane lungu na ma'adanar kwamfuta kai tsaye.

Wannan dama ita ce kuma rauninsa. Idan aka ware gurbin haruffa goma aka zuba ashirin, C ba ya cewa uffan, ragowar sai su malala cikin gurbin maƙwabta, mai kutse kuwa irin wannan ɓaraka yake nema. Tana cikin hanyoyin da cutar kwamfuta ta Morris ta bi ta bazu a intanet a 1988. Bayan shekara talatin da ɗaya, kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na matsalolin tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa ma'adana suke fitowa.

An daɗe ana ɗauka cewa tsaro sai da asarar sauri, domin harsuna irin su Java suna da wani sashe da ke bin bayan manhaja yana kwashe abin da ta gama amfani da shi, wanda yakan jawo tsaikon da zuciyar kwamfuta ba ta jurewa. Harshen Rust, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015, yana binciko kuskuren sarrafa ma'adana ne tun kafin manhajar ta fara aiki. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro zuciyar kwamfuta ta Linux da harshen C kuma ya daɗe yana ƙin wani harshe mai suna C++, ya buɗe wa Rust ƙofar Linux a Disamba 2022.

A ganina, tun daga nan gardamar sauri ta ja baya. Abin da ke damun tsofaffin masu kula da Linux shi ne wa zai ɗauki nauyin gyara idan sauyi a ɓangaren C ya karya na Rust, kuma damuwarsu tana da tushe, domin miliyoyin layukan C ba sa sake rubutuwa dare ɗaya. Zafin saɓanin ya kai ga Wedson Almeida Filho, ɗaya daga cikin jagororin shigar da Rust, ya ajiye aikin a Agusta 2024, yana kukan cewa cece-kucen da bai shafi fasaha ba ya gajiyar da shi.